'Yan Kwalabe Shida a Tsohuwar Firiza

A kan firinta na gan ta. Ba nemanta na je yi ba, takardar odar safar hannu na je ɗauka, sai ga shafuka goma sha huɗu kwance da ɗuminsu, wani ya buga ya manta. Maƙalarmu ce, kwafin wadda aka aika wa mujalla. Na duba saman shafin farko. Ga sunan Dokta, ga na wani abokinsa na wata jami'a wanda sau ɗaya tak ya taɓa taka ɗakin gwajinmu, shi ma ruwan sha ya shigo nema, ga na Farfesa, shugaban ɗakin namu, a ƙarshe. Na sake bi da yatsa kamar mai koyon karatu. Babu ni. Sai can a gindin shafi na goma sha uku, da ƙananan haruffa, aka ce ana godiya ga ma'aikaciyar ɗakin gwaji bisa taimakon da ta bayar.

Taimako! Shekara uku ina tsaye a gaban bencin gwajin nan har ƙafafuna suka koyi kumbura, shi ne taimako.

Dokta ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne autanmu, na girme shi da shekara tara, kuma a bayan nan nawa ya yi fitsarinsa na yarinta. A gida Auta muke ce masa. A wurin aiki ni da kaina na fara kiransa Dokta ranar da ya kammala digirinsa na uku, don kada a ce yayarsa ta raina shi a gaban ɗalibai. Da mun fita ƙofar jami'a kuwa ya koma Auta, ni na koma Yaya.

Kuma ya san abin da sunan nan yake nufi a wurina. Jami'a tana ba ma'aikata irina gurbin digiri na biyu, da sharaɗi biyu: mutum ya nuna maƙalar da aka karɓa mai ɗauke da sunansa, kuma kada ya kai shekara arba'in da biyar. Shekarata arba'in da huɗu. Bana ce ko babu. Tare da shi muka cike fom ɗin a falon Mama, har yana tsokanata wai zai zama malamina, sai na riƙa gaishe shi a tsugune.

Aikin namu ba shi da wuyar fahimta in an samu mai bayani. Ni na yi wa Auta bayaninsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da ya fara shigowa ɗakin a matsayin ɗalibi, a bayan kwalin safar hannu na zana masa. Na ce, kafin bakteriya ta rabu biyu dole ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin gadonta, don kowace ta tafi da nata. DNA zare biyu ne a murɗe, kowanne jerin haruffa ne. Akwai inzayim, wato ɗan ma'aikacin cikin ƙwayar halitta, da ke warware su. Akwai kuma mai kwafi, wanda ke bin zaren yana jera sabon harafi a gaban kowane tsoho. To amma shi mai kwafin nan, duk saurinsa, ba ya iya fara aiki da kansa. Ci gaba kawai ya iya. Sai wani ƙaramin inzayim, firaimes, wanda ni nake ce wa Mai-mafari, ya zo ya ɗora ɗan guntun RNA, ɗan'uwan DNA, harafi goma ko ɗan fiye, sannan mai kwafi ya kama daga nan ya zura.

"Sau ɗaya kenan yake aikin?" in ji Auta a ranar.

Na ce ina! Zaruruwan biyu kai da ƙafa suke kwance, shi kuma mai kwafi hanya ɗaya kaɗai yake bi. Zare ɗaya ya kwafe shi santal da mafari guda. Ɗayan kuwa sai gutsure-gutsure, ana komawa baya ana sake kamawa, kuma kowane gutsure sai an ɗora masa sabon mafari. Daga baya wani inzayim ya zo ya cire mafarin ya cike gurbin da DNA, wani ya liƙe mahaɗar. In ka duba zaren da aka gama, ba za ka ga alamar mafari ko ɗaya ba.

Abin da muka gano a shekara ukun nan shi ne, akwai wani sinadari da ke ɗaure hannun Mai-mafari a cikin wata bakteriya da ta daina jin magani. Ba mafari, ba kwafi. Ba kwafi, ba rabuwa. Amma kafin a gwada sinadarin sai an ciro Mai-mafarin daga jikin bakteriyar da ransa, shi kuwa ɗan shagwaɓa ne na ƙarshe. Wata takwas na yi yana mutuwa a hannuna kafin na gane halinsa. Ɗumi kaɗan ya kashe shi. In ya daskare aka narkar da shi aka sake daskarar da shi, ya tafi kenan. Shi ya sa nake raba shi cikin 'yan kwalabe ƙanana guda arba'in, kowace ɗigon gwaji ɗaya, a ciro ɗaya, ta narke a hankali a cikin ƙanƙara, a yi aiki a yar.

Da takardun a hannuna na tura ƙofar ofishinsa, ko sallama ban yi ba.

"Dokta, ina sunana?"

Ya ɗago, ya ga abin da ke hannuna, ya tashi ya rufe ƙofa. "Yaya, zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ina sunana?"

"Ga shi can an gode miki. Ƙa'ida ce, Yaya, ma'aikatan ɗakin gwaji ba a cika sa su a sama ba. Farfesa ne ya ga hakan ya fi."

"Shi abokin naka mai neman ruwa, wace ƙa'idar ce ta ɗora shi?"

"Ya duba mana lissafin alƙaluma."

"Ni kuma na share muku ƙasa, ko?"

Ya shafa kai, ya yi wata 'yar dariya ta rashin abin faɗa. Daga nan ya faɗi maganar da har yau in na tuna sai na ji zafi a bayan wuyana. Ya ce, "Haba Yaya, ai ke kika koya mini. Mafari ba ya zama a cikin zaren da aka gama."

Wasa ya nufa, na sani. Da a falon Mama ne da na jefe shi da matashi mun yi dariya. Amma nan ba falon Mama ba ne. Na ajiye masa takardun a kan tebur a hankali, don in ban yi a hankali ba a fuskarsa za su sauka, na fita.

Ofishin Farfesa na wuce. Dattijo ne mai sanyin magana, irin mutanen da ba su taɓa cutar kowa ba, ba su kuma taɓa tsaya wa kowa ba. Ya cire tabarau ya dube ni da mamaki.

"Malama, ni ai na biyu na sa ki. Dokta ne ya zo ya ce kun yi magana a gida, kin yarda a cire. Wai sunan mahaifinku ɗaya, in aka gan ku a jere za a ce yayarsa ce ta yi masa aikin."

"Za a ce, ranka ya daɗe? To ƙarya za a yi?"

Ya mayar da tabarau, ya kama gyara takardun da ba su karkace ba. "An riga an aika tun shekaranjiya. Ki yi haƙuri, Malama. Ta gaba in Allah ya yarda."

Ta gaba. Ta gaba ina da shekara arba'in da biyar. A ranar na rubuta takardar neman a mayar da ni ɗakin gwajin 'yan aji ɗaya, inda ake koya wa ɗalibai wanke kwalba da kunna wuta. Na bar littafin aikina a kan benci, da mabuɗin firiza a kansa. Ban ɗauki komai ba sai kofin shayina.

Ranar Asabar a gidan Mama, ban ce komai ba amma ta gani. Ita Mama ko numfashi ka sauya sai ta ji. Auta bai zo ba, wai yana da taro. Da ta matsa na gaya mata.

"Suna ne fa kawai a takarda, 'yar nan," ta ce. "Ƙaninki ne. In ya ɗaukaka ai ke kika ɗaukaka."

"Mama, shekara ashirin ina ɗaukaka a jikin wasu. Sau ɗaya nake so in ɗaukaka a nawa jikin."

"Ki yi haƙuri dai."

"Kowa haƙuri, kowa haƙuri. Shi wa ya ce masa ya yi?"

Ta kama ninke ɗankwali a cinyarta. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar, kuma wannan ma a kansa na ɗora.

Mako shida na yi a wurin 'yan aji ɗaya. Na koya wa mutum ɗari da ashirin yadda ake riƙe fifet, abin da muke zuƙar ɗigon ruwa da shi, ba tare da sun zuba wa juna a takalmi ba. In na haɗu da Auta a baranda sai in ce, "Ina kwana, Dokta," in wuce. Labari kuwa yana iso ni ko ban tambaya ba. Masu tantancewa na mujallar sun amsa. Aikin ya burge su, amma suna so a maimaita babban gwajin da wani ma'aunin sinadarin daban, sun ba da kwana talatin. Dokta ya gwada sau ɗaya, babu komai. Ya sake, babu. Ba wai sinadarin ya ƙi aiki ba, a'a, ko kwalbar da ba a sa mata sinadari ba, wadda ya kamata kwafi ya gudana a cikinta lafiya lau, ita ma fayau. In kuwa wannan ba ta nuna kwafi ba, ba ka da bakin cewa sinadarinka ne ya hana.

Saura kwana tara Auta ya zo wurina. Da hantsi ne, ina tsakiyar nuna wa wata ɗaliba yadda ake karanta ma'auni. Ya tsaya a bakin ƙofa, rigar aikinsa duk ta yamutse.

"Yaya, don Allah minti biyar."

Na bi shi. Ba don tausayi ba, so nake in gani da idona. Farfesa yana tsaye a ɗakin, hannu a baya. Na sa safar hannu na buɗe firiza, na jawo akwatina mai ramuka. Wayam. A tsakiyarsa kwalba ɗaya ce babba, an rubuta mata suna da kyakkyawan rubutun nan na Auta.

"Ina 'yan kwalabena? Ashirin da bakwai na bari."

"Sun cika wuri ne," ya ce. "Kuma rubutun jikinsu ya fara gogewa. Sai na narkar da su na haɗa wuri ɗaya, ya fi tsari."

"Ka narkar. Da me?"

Sai hannunsa na dama ya dunƙule da kansa. Na san halin. Tun yana ɗalibi ba ya iya jiran ƙanƙara, sai ya damƙe kwalba a tafin hannu yana murzawa don ta yi saurin narkewa. Na buge hannun nan ya fi sau goma.

"Sau nawa ka fito da ita ka mayar?"

"Huɗu. Ko biyar."

Wallahi ban san lokacin da muryata ta cika ɗakin ba. "Wata takwas! Wata takwas na yi ina lallashin abin nan kamar jariri, kai ka dafa shi a tafin hannunka saboda ya fi tsari! Kana da mai kwafi, kana da mai warwara, kana da haruffa, ka zuba komai ka zauna kana jira, wa zai fara maka? Ka karanta littafina kuwa? Shafin farko, da jan biro, na rubuta yadda ake narkar da shi, na ja layi biyu a ƙarƙashi!"

Littafin yana nan inda na bar shi, an ɗora masa kwalin fifet. Ko buɗe shi ba a yi ba.

Farfesa ya yi gyaran murya. "Malama, in za a sake ciro wani sabo, kwana nawa?"

"Mako uku, ranka ya daɗe, in komai ya tafi daidai."

Auta ya zauna a kan kujerar benci ya dafe goshi.

A shafin farkon nan da ba su karanta ba, ƙasa da jan layin, akwai wani rubutu. Duk lokacin da na ciro sabon inzayim, nakan ware 'yan kwalabe shida in kai tsohuwar firizar da ke ƙarshen baranda, saboda ranar da wannan za ta lalace. Ba ɓoyewa na yi ba, a rubuce yake, har da lambar shiryayye. Suna can.

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Zuciyata ta ce in yi shiru in koma wurin 'yan aji ɗaya, ya ji yadda ake ji. To amma in maƙalar ta mutu, gurbina ya mutu tare da ita. Wannan ne ya fi ƙona mini rai a cikin duka: ko ramuwa ba zan iya yi ba sai na haɗa da kaina.

"Akwai shida," na ce.

Ya ɗago da sauri. "Ina? Yaya, ina?"

"Buɗe kwamfutarka tukuna. Rubuta wa mujalla wasiƙa, a mayar da sunana na biyu, inda Farfesa ya sa shi. Ku sa hannu ku aika a gabana."

Ya jawo kwamfutar ba musu. Ina tsaye a kansa yana bugawa. Ya rubuta cewa an bar sunan ɗaya daga cikin marubuta bisa kuskure.

"Goge kuskure."

"Yaya, haka ake rubutawa."

"Haɗa kwalabena kuskure ne. Wannan kuwa zama ka yi ka yi tunani, ka tashi ka je ka yi wa dattijon nan ƙarya da sunana. Goge."

Farfesa ya juya yana karanta takardar da ke manne a jikin firiza, kamar yau ya fara ganinta. Auta ya goge. Ya rubuta cewa ni na ciro inzayim ɗin, ni na tsara gwajin, kuma shi ne ya cire sunana, bai kamata ba. Kunnuwansa har sun yi duhu. Suka sa hannu, aka aika.

Sannan na ɗauki bokitin ƙanƙara na tafi ƙarshen baranda. Na dawo da kwalba ɗaya, na dasa ta a cikin ƙanƙarar, na tura bokitin gabansa.

"Kai za ka yi. Hannunka a bayanka har ta narke."

Minti goma sha biyu ya yi a tsaye yana kallon ɗigon da bai kai ƙwayar hawaye ba. Sau biyu hannunsa ya motsa, sau biyu na ce, "A'a." Da ta narke na riƙa kiran abubuwan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa, Mai-mafari a ƙarshe. Muka sa su a ɗumi, muka zuba a jel, wato ɗan faranti mai santsi da ke jera gutsuren DNA gwargwadon tsawonsu. Da la'asar hoton ya fito. Layin da ba sinadari ya haska tun daga sama har ƙasa, gutsure a kan gutsure. Layin da aka sa sinadarin kuwa babu komai, yadda ake so.

Farfesa ya ce, "Alhamdulillahi," ya fi sau uku. Auta ya juyo da idanu jajaye.

"Yaya, na gode. Shi kenan ko? Ya wuce?"

"Ka rubuta yadda ake narkar da shi a cikin maƙalar," na ce. "Wasu za su so su maimaita."

An karɓi maƙalar saura kwana huɗu a rufe karɓar fom. Na kai da hannuna, na ga an buga hatimi. Bayan wata ɗaya sunana ya fito a allon sanarwa, na tsaya na karanta shi, na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka haɗu a gidan Mama. Ya riga ni zuwa. Da na shiga ya miƙe, ya karɓi jakata, ya je da kansa ya haɗo mini shayi a kofin da nake so, mai tsagaggen hannu. Ya durƙusa a gefen kujerata ya miƙo, abin da bai yi ba tun yana sakandare.

"Ɗalibata," ya ce yana murmushin neman sulhu. "Yaya, ga shayinki."

"Na gode, Dokta."

Mama ta ajiye abin da ke hannunta. "Wane ne kuma Dokta a gidan nan?"

Ta juyo gare ni.

"Ke nake tambaya. An mayar miki da sunanki, kin samu karatunki. Kira shi da sunan da kika saba."

Na dube shi. Yana nan a durƙushe, da ɗan tabon nan a haɓarsa na ranar da ya zame daga bayana yana shekara biyu, na yi kuka fiye da shi. Na buɗe baki. Allah ya sani na gwada, don Mama, har don kaina. Harafi huɗu ne kawai, na fi shekara talatin ina faɗarsu ba tare da tunani ba. Sai na ji ba inda zan kama in fara.

"Shayin ya yi, Dokta," na ce. "Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo."